'Ya'yan Kurma

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maƙwabta. Ya ƙarin haƙurin rashin maigida? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta. Na san ta'aziyyata ta makara. Lokacin da aka yi rasuwar muna tsakiyar wani gwaji da ba a iya barinsa, daga baya kuma kunya ta riƙe ni. Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon ido na yawan leƙa na'ura.

Na so in kira ki, aka ce kunnen ya ƙara nauyi, ba kya jin waya. Shi ya sa na ba direban babbar mota wannan takarda tare da akwatin ƙanƙara.

Kin tuna kashin zomayen Baffa da na sa aka ɗebo min bara, kuka yi ta yi min dariya? Ga abin da ya fito. A jikin hanjin zomo akwai wata jaka inda ciyawa ke tsayawa ta ruɓe kafin jiki ya amfana da ita. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A cikinsu akwai wani jinsi da ba ya taɓa ciyawar, bayan sauran yake bi yana kwashe abin da suka bari, yana fitar da iskar da ake kira metan, irin wadda shanu ke gyatsa, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Zomayen da muka gwada daga gidaje da gonaki duk mun same shi a cikinsu, wasu da yawa, wasu kaɗan. A na Baffa ba mu sami ko ɗaya ba. Na sake gwajin, Farfesan da ke duba aikina ma ya sake da hannunsa.

Yanzu digirina gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya. Roƙona biyu ne. Na farko, ki riƙa saka min kashinsu mai laushi a kwalaben da ke cikin akwatin, ki toshe nan take, don iska tana kashe ƙwayoyin. Na biyu, kuma shi ne babba: kada su haɗu da wani zomo na waje. Ko da wani abu ya sami uwa mai shayarwa, kada ki sa 'ya'yanta ƙarƙashin wata. Ki ba su madara da sirinji, ki bar musu kashin uwarsu a sheƙa.

Naki mai biyayya.

*

Sarkin Tambaya,

Na amsa gaisuwarka. Haƙuri mun gode Allah. Jikina da sauƙi, gwiwa ce ke gardama da matakala. Kunne kuwa injinan maɗaba'a sun ci rabonsu tun ina aiki, tsufa na cin ragowar.

Takardarka na karanta ta sau biyu, na farko a matsayin gwaggo, na biyu a matsayin tsohuwar mai gyaran rubutu. Babu kuskure ko ɗaya. Na dai lura ta'aziyya ta ci layi uku, kashin zomo ya ci shafi biyu. Ban ce komai ba, aunawa kawai na yi.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta same ni tsugune a bakin keji da cokali da kwalba. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Yaya, wai ɗan nan naki likitan me zai zama?" Na ce, "Likitan tusar zomo." Dariya ta yi har ta zauna a kan buhun dusa. Ta ce, "To Allah ya sa da albashi."

Sai dai ka makara da fiye da ta'aziyya. Zafin da aka yi bayan rasuwar Baffanka ya kwashe zomayen. Rumfar kwano ce, shi ne mai jiƙa buhu yana shimfiɗawa a kai da tsakar rana, ni kuma ina ɗaki ina karɓar gaisuwa. Biyu suka tsira, tsohon namijin da wata mace mai kunne ɗaya a karye, wadda Baffanka ya sa wa suna Kurma don ya tsokane ni. Tsohon ya bi mai shi watan jiya, amma ya bar aiki a baya: Kurma na da ciki. Wato digirinka duka yana cikin zomanya ɗaya.

Ba don kimiyya Baffanka ya ƙi haɗa su da na kowa ba, rowa ce irin tasa da ƙyama. Amma na ji sharaɗinka, zan kiyaye. Na cika kwalabe uku, suna hannun direba.

Idan ta haihu ka zo ka gani. Ɗakinka na nan, kayan ɗinkin maƙwabciya ne kawai a ciki, minti kaɗan za a kwashe.

Gwaggonka.

*

Sarkin Tambaya,

Gaisuwa a tsaye yau. Ni lafiya, Kurma ce babu.

Ta haihu lafiya, 'ya'ya biyar, jajaye tsirara kamar yatsu. Ta tsige gashin ƙirjinta ta rufe su. Kwana kaɗan sai nononta ya kumbura ya yi tauri, ta daina ci. Likitan dabbobi ya zo ya yi mata allura, da safe na same ta a miƙe.

Na bi maganarka. Madara da sirinji, ɗigo-ɗigo, na bar musu kashin uwar a sheƙa. Bakinsu bai kai ƙwayar wake ba, kuma hannuna ba na da ba ne, rawa yake. Madarar na fitowa ta hanci. Ɗaya ya mutu jiya a tafin hannuna, sirinjin na bakinsa.

Mai ɗinki ta kira lambarka da wayarta, ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba. Ta bar saƙo. Tana da wata zomanya da ake kira Ƙatuwa, ta haihu kusan rana ɗaya da Kurma, nono har ɗiga yake. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Ka ce kada. Ina jiran ka ce wani abu dabam.

Gwaggonka.

*

Sarkin Tambaya,

Ina fatan lafiya ce ta hana ka magana. Direba ya ce ya miƙa takardar a ƙofar ɗakin gwajinku, aka ce ba ka nan. Ya dawo hannu wofi.

Na biyu ya mutu. Saura uku, fatar cikinsu ta yamutse, sun daina ko motsi idan na taɓa su. Mai ɗinki ta leƙo ta katanga, ta dube su, ta dube ni. Ta ce, "Yaya, ɗanki yana can yana shan iska, ke kina nan kina gadin gawa. Miƙo su." Na ce ka hana. Ta ce, "Ya hana su mutuwa ma?"

Na miƙa.

Ga yadda aka yi, tunda kai mai son bayani ne. Ta fitar da Ƙatuwa daga keji, ta ɗebi gashin sheƙar ta goga wa namu uku har suka ɗauki warin gidan, ta cusa su tsakiyar 'ya'yanta shida, ta bar su suka cakuɗa. Da aka mayar da uwar ta shinshina, ta ɗan tsaya, sai ta hau kansu ta buɗe ƙafa. Da rana ta yi, cikinsu ya yi tumbur kamar ƙwai.

Duk farare ne za su zama, nata da namu. Don kada su ɓace maka, na ɗiga wa namu shuɗiyar tawada a cikin kunnen dama, ragowar ta hatimi da na taho da ita daga maɗaba'a. Tana kodewa, sai an riƙa sabuntawa. Zan riƙa yi.

Na san na saɓa maka. Suna da rai dai.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na dawo daga wani taron masana na tarar da takardunki biyu a kan teburina. A taron nan na tsaya gaban zaure cike da mutane na yi bayani a kan zomayen Baffa, aka tafa min. Wayata na cikin jaka, na kashe mata ƙara. Ashe a daidai lokacin ana miƙa su ta katanga.

Zan yi ƙoƙarin in yi magana a hankali. Abu ɗaya na ce shi ne babba, na kuma ja masa layi. Ba don son zuciya na hana ba. Zomanya tana barin kashinta a sheƙa, jarirai na ɗan gutsura tun idonsu bai buɗe sosai ba. Ta nan ƙwayoyin cikinta ke shiga nasu su kafa gida. Kashin Ƙatuwa na gwada shi bara cikin na unguwarku, cike yake da masu fitar da metan. Ko ɗaya ne ya rayu a sirinji, da ya ishe ni. Ukun nan kuwa ba su da amfani gare ni. Abin da ya shiga cikin jariri daga uwar da ba tasa ba, ba ya fita. An gurɓata su, babu kuma sabulun da zai wanke.

Kin ce suna da rai. Zomo fari yana da rai a kowace kasuwa, Gwaggo. Irin na Baffa shi ne babu, kuma yanzu babu shi har abada. Shekarun da na zuba a kan aikin nan sun bi ruwa. Farfesa bai yi faɗa ba, tambayata kawai ya yi, "Wa ka bar wa amana?"

Kada ki wahalar da kanki da tawada ko kwalabe. Ki yi yadda kika ga dama da su.

Na gode da ƙoƙari.

*

Sarkin Tambaya,

Na ji ka dawo lafiya, na gode Allah. Ina taya ka murnar tafin da aka yi maka. Ni ma lafiya, sai barci da ya ɗan yi min yaji.

Hasararka gaskiya ce, ba zan rage mata nauyi ba. Ka ba ni amana na karya, kuma da za a mayar da ranar, da na sake karyawa. Wannan tsakaninmu ne, za ka iya riƙe ni da shi.

Jimla ɗaya ce na kasa wucewa. Na yi shekaru ina zama da jan biro a kan rubutun mutane, na san kalmar da ta suɓuce da wadda aka zaɓa. "An gurɓata su." Zaɓa ka yi.

Ban sani ba ko an taɓa ba ka labarin nan yadda yake. Dangantakarmu ba ta kusa ba ce. Ubana da kakanka 'ya'yan wa da ƙane ne, a taron dangi ma a bayan rumfa ake ajiye min kujera. Da mahaifiyarka ta rasu kana da kwanaki a duniya, na kusa duk suka sami uzuri. Ni kuma na binne tawa jaririyar bai fi wata ɗaya ba, rigata na jiƙewa da nono ina zaune a wurin aiki. Aka naɗo ka a tawul aka miƙo. Ba wanda ya goga maka komai don in karɓe ka.

Da ka isa cin abinci ba ka da haƙori, ni nake taunawa in sa maka a baki da yatsa. Idan maganarka gaskiya ce, duk abin da ke bakina yana cikinka har yau. A ƙarƙashin teburina na maɗaba'a ka koyi baƙaƙe, daga takardun da aka zubar. A nan ka sami sunan da nake kiranka, don ba ka barin mai inji ya sha ruwa sai ka tambaye shi me ya sa ruwa ba shi da launi.

Ka shiga makaranta, mahaifinka ya yi sabon gida, suka zo ɗaukarka. Haƙƙinsu ne, ban yi musu ba. Ina tsaye a ƙofa kana kiran "Umma" ta tagar mota, kakarka ta rufe maka baki da tafinta. A lokacin kunnena garau yake. Ta ce, "Sai mun wanke shi, ya kwaso ɗabi'un gidan wasu." Ziyarar farko da aka kawo ka, ka durƙusa ka ce, "Ina wuni, Gwaggo." Na ce lallai sabulunsu ya yi aiki.

Yanzu masanin da ya fi su sani ya rubuto min cewa ba ya wankuwa. Ban san ko in yi murna ba.

Ukun sun buɗe ido, sun fara gutsurar ganye.

Gwaggonka.

*

Zuwa ga Ummata,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ya gwiwa, ya barcin? Na aiko miki da man shafawa a hannun direba, an ce yana da kyau. Ki yafe min shirun watannin nan. Takardarki ta daɗe a aljihuna, na karanta ta ban san adadi ba.

Kin yi wa kalmata fassarar da ban nufa ba. A ɗakin gwaji haka muke cewa ko kwalba ce ƙura ta faɗa. Amma ba gardama na zo yi ba, albishir na kawo, kuma daga takardarki ya fito.

Inda kika ce kina tauna min abinci, duk abin da ke bakinki yana cikina. Na tsaya a wurin na kasa gaba. Na je na gaya wa Farfesa, ya miƙe tsaye daga kujera. Umma, tambayar da muka kasa amsawa tun farko ita ce: rashin ƙwayoyin nan a jinin zomayen Baffa yake, ko kuwa don ba su taɓa haɗuwa da masu shi ba ne? Hanya ɗaya ce ta sani: a ɗauki jariran irin Baffa a ba uwa mai ƙwayoyin ta raine su tare da nata. Abin da kika yi ke nan, ba tare da kin sani ba. Idan ukun sun ɗauka, reno ne. Idan sun ƙi duk da nonon Ƙatuwa da sheƙarta, jini ne. Ko wanne ya fito, ya fi aikina na farko daraja. Farfesa ya ce sunanki zai shiga shafin godiya.

Sai dai wannan karon kashi ba zai wadatar ba. Dole a buɗe jakar hanjin a ɗebi abin da ke ciki da ɗuminsa. Muna buƙatar masu tawadar uku, da uku daga cikin na Ƙatuwa don kwatantawa. Ba za su sha wahala ba, allura ce. Ni ba zan samu zuwa ba saboda shirin ɗakin gwaji, amma ma'aikacinmu zai zo da mota. Ki sabunta tawadar da kyau kafin ya iso, don duk aikin a kanta ya rataya. Ki lallashi mai ɗinki, za a ba ta wasu a madadin nata.

Kin ceci digirina, Umma. Allah ya bar min ke.

Ɗanki.

*

Sarkin Tambaya,

Man shafawa ya iso, na gode. Yana da ƙamshi. Gwiwa na nan yadda ka san ta, ko in ce yadda aka ba ka labari.

Na rubuta maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Baffanka sai dai ya gani a fuskata. Ka karanta shi ba adadi, ka tsamo gwaji a ciki. Ba zan ce ba ka da basira ba. Tun kana ƙarƙashin tebur haka kake, a ba ka labari mai ban tausayi ka tambayi nawa ne nauyin takardar.

Na karanta wa mai ɗinki saƙonka. Ta ajiye almakashi ta ce, "Wato na ba su nono, yanzu in ba da nawa uku tukuici a yanka?" Na ce allura ce. Ta ce, "Af, to ai shi ke nan, sai in yi guɗa." Sauran abin da ta faɗa kunnena ya yi min rana, bai kawo shi ba.

Amma ba ita ce matsalarka ba. Tawada ce. Ka rubuto da hannunka cewa kada in wahalar da kaina da ita, ukun ba su da amfani gare ka. A wannan dai na yi maka biyayya. Ranar da takardar ta iso na rufe kwalbar. Ƙatuwa kuwa ba ta taɓa son abin nan a kunnen 'ya'yanta ba, kullum tana bin su da harshe. Kafin a yaye su ta lashe shi tas.

Yau da safe na ɗauki kujera na zauna gaban kejin. Tara ne, farare, girmansu ɗaya, suna cin ganyen kabeji a faranti ɗaya. Na ɗaga kunnen kowanne a hasken rana, na duba ciki da waje da tabarau. Ban yi ha'inci ba, na nema da gaske. Ban san wanne ne na Kurma ba. Mai ɗinki ba ta sani ba. Ƙatuwa, in ma ta taɓa sani, ta daɗe da mantawa. Ni a sanina haka ake reno, sai dai idan wani ya zo da mota.

Wataƙila kuna da na'urar da za ta rabe su ta jini. Idan akwai, kada ka turo min ma'aikaci, ba zan buɗe masa ƙofa ba. Ka zo da ƙafarka. Ka fara zuwa inda aka kwantar da Baffanka, sannan ka shigo tsakar gidan nan, ka tsaya gabana ka nuna min da yatsa waɗanda za a buɗe. Ka ɗaga murya sosai, ka san ba na ji.

Shafin godiya kuma ka bar shi. Na gyara irinsu da yawa, na san ba a karantawa.

Saura abu ɗaya, na sana'a. Kalmar da ka buɗe takardarka da ita, na yi shekaru ina jiran in gan ta da rubutun hannunka. Ta zo, shafi ɗaya da allura. Na zagaye ta da jan biro, yadda muke yi wa kalma mai kyau da ta faɗo inda ba wurinta ba. Ga takardar nan na haɗo maka, ka duba.

Akwatin ƙanƙararka na wanke shi na shanya, na ba direba. Kada ka tsaya neman wani abu a ciki.

Gwaggonka.